Takardar Koke Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Kuɗin Jinyar Talaka

Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.
Ta hannun hakimanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Mai Alfarma, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu masu unguwanni, limamai, 'yan kasuwa da iyaye mata na Mabera, Gidan Igwai da Runjin Sambo ne muka kawo kukanmu. A gidajenmu mace tana naƙuda ana yawon neman rance, yaro yana kwance da zazzaɓin cizon sauro ana jiran a sayar da akuya. Da yawa ba sa isa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, don tsoron kuɗin kati da na magani.

Dokoki kam akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asibitocin matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jiharmu tana da hukumar inshorar lafiya, wato SOCHEMA. Sai dai mai albashi ne ya fi samun sauƙin shiga, tunda daga albashinsa ake cirewa. Ɗan kabu-kabu da mai tallar albasa da bazawara mai marayu fa, daga ina za a cire musu?

Mun zauna a kan wannan, kuma ba mu taru a baki ɗaya da farko ba. Wasu sun ce a ɗora wa kowane gida kuɗi daidai wa daida. Mafi yawanmu mun ƙi, domin abin da attajiri ba zai ji fitarsa ba shi ne cefanen mako na wani gida. Wasu sun ce zakka ta wadatar. Malamanmu suka tunatar da mu cewa aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ƙayyade masu cin zakka gida takwas: ana iya biya wa fakiri da miskini jinyarsu da ita, amma ba ita za ta riƙe albashin likitoci da ginin asibitoci ba. Wannan nauyin haraji ne, kuma haraji muna biyansa, a kasuwa da tasha da kan kayan da muke saya.

Don haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka isar da muryarmu ga Gwamna da Majalisar Dokokin jiha. Kada kason lafiya ya gaza kashi 15 cikin 100 na kasafi kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001, kuma a saki kuɗin a aikace, kada su tsaya a takarda. Duk ƙarin da za a nema, a neme shi daga manyan gine-gine da filaye da kamfanoni, kada a ƙara wa mai kasa kaya a bakin titi wani tikiti. A kuma nemi tarayya ta keɓe wa lafiya harajin taba da naira 10 da aka sa kan kowace litar lemon kwalba.

Muna kuma roƙon Hukumar Zakka da Waƙafi ta haɗa hannu da SOCHEMA wajen yi wa mabuƙata rajista, masu unguwanni da limamai su tantance su, tunda su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Abin da kowane asibitin mazaɓa ya karɓa kuwa, a liƙa shi a ƙofar asibitin da Hausa, har da ajami.

A shirye muke mu turo wakilai fada duk ranar da aka kira mu. Allah ya taimaki Sarkin Musulmi.

Wassalam,
Al'ummar Mabera, Gidan Igwai da Runjin Sambo, Sakkwato.