Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kaduna: A Yanke Wa Masu Keke Hanyarsu A Zariya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka addu'ar Allah ya ƙara lafiya, ya kama maka a kan wannan nauyi da ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wasu talakawanka da ba su da mai kai kukansu Gidan Sir Kashim Ibrahim. 'Yan acaɓa suna da ƙungiya, masu Napep suna da tasu, direbobin haya kuwa ba a magana. Mai keke shi kaɗai yake fita, shi kaɗai yake dawowa, in Allah ya sa ya dawo lafiya. Roƙona guda ne: duk titin da za a gina ko a faɗaɗa a Zariya da Sabon Gari, a yanke wa keke hanyarsa a gefe, a raba ta da ta mota da dakalin kankare.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka rantsar da kai, ita ce ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Abin da ya biyo baya a nan garin, kowa ya gani da idonsa. Magidanta sun jingine mashin, tsofaffin Raleigh da Phoenix da suka shekara a zaure an kakkaɓe musu ƙura, an sa wa sarƙa mai, sun koma kan kwalta. Malamin firamare, masinja, ɗalibin da ke zuwa jami'a a Kongo ko Samaru, mai gadi da ke tashi aiki da asuba, manomin da ya ɗauro taki a kariya, su ne mutanen da nake magana a kansu. Babu ɗayansu da ya hau keke don motsa jiki. Kuɗin mota ne ya gagara.

Zariya kuwa gari ne da ya dace da keke. Yawancin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma unguwanninmu a jere suke a kan hanya kusan guda: daga Ƙofar Doka ka bi Tudun Wada, ka haye Kubanni ka faɗa PZ da Sabon Gari, ka miƙe Kwangila, Palladan, har Samaru. Makarantu da kasuwanni da asibitoci a bakin wannan hanyar suke. Abin da ya rage kawai shi ne mutum ya bi ta ba tare da ransa yana hannunsa ba.

Bari in faɗa maka yadda gefen titi yake ga mai keke, domin daga cikin mota ba a ganinsa. A damansa akwai lambatu a buɗe, ko bakin kwalta da ruwa ya zaizaye ya bar gargada. Ƙarƙashin tayarsa yashi ne da damina ta tara, wanda in ka taka birki a kansa keken zamewa yake yi. A hagunsa motoci ne. Yana cikin tafiya sai mai Napep ya hango fasinja, ya sha gabansa ya tsaya cak. Dole ya karkata hagu, ya shiga bakin motar da ke tafe a bayansa, wadda bai gani ba. In dattijo ne da ya ɗauro damin rake a kariya, nauyin kayan ma ba zai bar shi ya waiga ba, domin da ya juya wuya kan keken ya kwace. In tirela ce ta gifta shi, iskarta kaɗai tana iya jefa shi a lambatu. In kuma za ta karya kwana ta dama, direban da ke can sama ba ya ganin wanda ke rakuɓe a gindin ƙofar dama, tayoyin baya ne suke shigowa su same shi. Je ka wurin kowane mai gyaran keke a bakin hanya, za ka ga ƙafafun keke a lanƙwashe an rataye a jikin bishiya. Tambaye shi labarinsu, ya san mai kowanne, ya san wanda ya zo ya karɓi nasa da wanda ɗansa ne ya zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Muƙami ma ba ya kare mutum a kan irin wannan titi. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, ya hau da kansa a Abuja, motar bas ta ture shi ya faɗa rami. Mutane sun yi ta dariya, amma ni a ganina darasin a fili yake. An kira jama'a su hau keke kafin a gina musu inda za su bi.

Na san abin da za a fara kawo maka a matsayin mafita: a ja farin layi da fenti, a zana hoton keke, a kafa allo. Ranka ya daɗe, kada ka karɓa. Fenti ba ya tare taya. Kafin mako ya zagayo masu Napep sun mai da wurin tasha, mai shago ya ajiye motarsa, mai lemo ya kafa tebur. Abin da ke aiki shi ne dakalin da direba zai ji shi a tayarsa idan ya hau, mai tsawon da mota ba za ta haye shi da wasa ba, a bar 'yan kafofi a jikinsa domin ruwan sama ya wuce zuwa lambatu. Lambatun kuma a rufe shi da murfin kankare, sai ga fili ya samu ba tare da an rushe shagon kowa ba. Faɗin hanyar ya kai kamar mita biyu a kowane hannu. Ƙasa da haka mai sauri ba zai iya wuce mai kaya ba, sai ya fice ya koma cikin motoci, aikin ya tashi a banza. A bakin kowace mashiga a kafa turakun ƙarfe da tazarar da keke zai wuce, Napep ba zai wuce ba. A sa masu shara su riƙa kwashe yashin, a sa fitila, inda da hali a dasa bishiya, domin wanda ke tuƙa feda a zafin watan Afrilu ya san darajar inuwa.

Mashin shi ne matsalar da turaku ba za su warware ba, tunda faɗinsa ɗaya da keke. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, manyan tituna da dama suna da hanyar gefe da kekuna da babura ke bi tare. Ni ban goyi bayan a yi haka a nan ba. Ɗan acaɓan da ke gudun neman fasinja da yaron da ke tafiya makaranta a keke ba su dace a matse su a wuri ɗaya ba. Wannan aikin jami'an KASTLEA ne, hukumar jiha mai tabbatar da bin dokokin hanya, tare da shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa, waɗanda mambobinsu ke jin maganarsu fiye da ta kowa. Su kuma masu Napep a yi musu wurin tsayawa na gaskiya a ɓangaren titi, hanyar keke ta zagaya ta bayansa, yadda mai sauke fasinja ba zai tare mai keke ba. Masu kasa kaya a bakin hanya kada a kore su. Abincinsu suke nema, kuma duk wanda aka kora ba a ba shi wuri ba, gobe zai dawo. A sa su cikin zanen tun farko.

Inda na fi so injiniyoyi su daɗe suna tunani shi ne mararraba. Hanyar keke da ta tafi lafiya ta zo ta watsar da mutum a tsakiyar Kwangila ko PZ ko Ƙofar Doka, ta kai shi ne inda haɗarin ya fi yawa ta sake shi. Ƙarƙashin gadar Kwangila motocin Kano da na Sakkwato da na cikin gari suke haɗuwa, ga masu lodi, ga masu talla. A irin waɗannan wurare dakalin ya kamata ya bi mai keke har cikin kwana, a matse kwanar yadda dole direba ya rage gudu kafin ya karya, a ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, a yi ɗan tsibiri a tsakiyar titi inda mutum zai tsaya ya tsallaka hannu ɗaya, ya numfasa, sannan ya tsallaka na biyu. Kan gadar Kubanni ma a duba, domin gada ba ta da wurin kaucewa.

Kuma a yi ta a haɗe, kada a yi gutsi-gutsi. Birnin Sabiya (Seville) na ƙasar Sifaniya ya fara a 2006, ya shimfiɗa kusan kilomita 80 na hanyar keke mai shinge cikin ƙanƙanin lokaci, duk a sarƙe da juna, masu hawan keke suka ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Idan ana ganin Turai ta yi nisa, ga Tamale a arewacin Gana, garin da 'yan kasuwarmu suka sani, ya daɗe da hanyoyin keke a gefen manyan titunansa. Mu a fara da hanya guda, daga Ƙofar Doka zuwa PZ, a gama ta tsaf, sannan a ja ta zuwa Samaru.

Cikin ganuwa lissafin daban ne. Titunan birni matsattsu ne, babu inda za a yanko mita biyu sai an taɓa gidajen mutane, kuma ba na roƙon haka. Can maganin shi ne rage gudu. Taron ministocin duniya kan kiyaye haɗura da aka yi a Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke, domin a wannan gudun yawancin wanda aka buge yana rayuwa. A yi tudun rage gudu na ƙa'ida a gaban makarantu da masallatai da kasuwa, a nemi goyon bayan Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli, da masu unguwanni.

Za a ce masu keken ma suna da laifi, kuma gaskiya ne. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba, akwai mai tafiya da dare babu fitila, birkinsa takalminsa ne. A wayar musu da kai, a raba musu abin ƙyalli su manna a baya. Amma kuskuren mai keke shi yake kashewa, kuskuren direba ma mai keken yake kashewa, shi ya sa shingen ya zama dole.

Za a kuma ce wasu hanyoyin na Gwamnatin Tarayya ne, kamar wadda ta ratsa Samaru zuwa Funtuwa. Haka ne, amma Kakakin Majalisar Wakilai, Abbas Tajuddeen, Zariya yake wakilta, kuma idan kai da shi kuka nemi abu ɗaya a Ma'aikatar Ayyuka, ba na jin zai gagara. Masana ma ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, a nan Zariya take, ga Jami'ar Ahmadu Bello da sashen tsara birane da na injiniyan gine-gine. Batun kuɗi kuwa, dakali da murfin lambatu ɗan ƙari ne a kan kwangilar titi idan an sa su tun a takarda. Sai an gama titi a dawo a fasa ne suke tsada.

Don haka ina roƙon ka umarci hukumar kula da hanyoyi ta jiha, KADRA, da kada ta amince da zanen wani sabon titi a Zariya da Sabon Gari sai an nuna inda keke zai bi. A sa ɗalibai su tsaya a Ƙofar Doka da PZ da Kwangila safe da yamma su ƙirga kekuna, a tattara bayanan haɗura daga Hukumar Kiyaye Haɗura da asibitoci, domin a san mararrabar da za a fara da ita. Kafin a zana komai a kira masu keken da masu gyaransa a zauna da su, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan a sa kuɗin kashin farko a kasafin shekara mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam,
Wani malamin makaranta mai hawan keke,
Tudun Wada, Zariya.