Baƙonku bai kalli Vincenzo ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirin daren Asabar, ni dai ban yarda ya kalli Vincenzo, wasan talabijin ɗin nan na Koriya ta Kudu, ba. In ma ya kalla, to guntayen da ke yawo a TikTok ya gani. Ta yaya mutum zai zauna a gidan rediyo ya ce wasan nan ba abin da yake koya wa yara sai ɗaukar doka a hannu? Kashi 20 ne cur, kuma duk na kalle su a wayar yaron shagona, wasu ma sau biyu.

Ko sunan Lauya Hong Yu-chan na cikin wasan bai ambata ba. Dattijon nan takarda yake bi, kotu yake zuwa, yana tsaya wa talakawan da kamfanin Babel ya cuta da maganinsa mai kisa. Da me aka saka masa? Babbar mota aka turo ta afka cikin gidan abincin da yake zaune. Sai da aka kashe mai bin doka sannan Vincenzo, jarumin wasan, ya fito da ainihin halin 'yan mafiyar Italiya da ya tashi a cikinsu.

Ni tela ne. Shekara 11 ina haya a wani bene, wata safiya muka tarar an shafa mana jan fenti a bango. Mu 14 muka yi karo-karo muka ɗauki lauya. Yau a ɗage zama, gobe alƙali ya yi tafiya, jibi fayil ya ɓata. Ranar da katafila ta zo, takardar kotu na cikin aljihuna, har na ɗaga ta sama kamar wani zai karanta. Da hannuna na tono kan keken ɗinkina daga ƙarƙashin bulo, da shaddar wani ango da na yanka ban kai ga haɗawa ba. Ni na biya shaddar. To da na ga 'yan hayar Geumga Plaza, benen da Babel ke son rushewa a wasan, sun tsaya wa 'yan daba, mai wankin kayan nan ya zaro almakashinsa, wallahi sai da na miƙe tsaye. Irin azabar da aka yi wa mugun shugaban Babel a kashin ƙarshe kam ta yi yawa, kawar da kai na yi. Amma wanda bai taɓa tsince kayansa a cikin ɓaraguzai ba ya yi mana a hankali.

Baƙon ya kuma ce wai duk tatsuniya ce. A 2021, shekarar da tashar tvN ta nuna wasan, aka yanke wa Lee Jae-yong, jagoran kamfanin Samsung, ɗaurin shekara biyu da rabi kan cin hancin da ya shafi Park Geun-hye, shugabar ƙasar Koriya ta Kudu da aka tsige a 2017. A watan Agustan shekarar aka sake shi, a 2022 aka yi masa afuwa. Wannan ma tatsuniya ce?

Sannan don Allah ku duba layin wayar nan taku. Sau bakwai na kira, sau ɗaya aka ɗauka, aka bar ni ina jin tallar maganin basir har katina ya ƙare.

Naku,
Wani tela mai sauraronku, daga Kano