A Waiwayi Ƙungiyar Agajin Da Ke Riƙe Da Ƙananan Ƙungiyoyi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani ɓangare na aikin taimakon al'umma da ba a cika waiwayarsa ba.

Labaran agajin da muke karantawa galibi na rabon kaya ne, ko buɗe aji, ko ƙaddamar da wani gini. Ina murna da su, ba kuma na so a daina buga su. Amma akwai ƙungiyar agaji iri guda wadda aikinta ba ya fitowa a hoto, domin waɗanda take yi wa hidima su ma ƙungiyoyi ne. Ina nufin ƙungiya ko gidauniyar da ke zaune a yanki guda don ta tsaya wa ƙananan ƙungiyoyin taimakon kai da kai: na matasa, na mata, na masu buƙata ta musamman, na masu kula da marayu da tsofaffi. Na daɗe ina riƙe da alƙalamin sakatare a ƙaramar ƙungiya, kuma abin da na gani shi ya sa na ce irin wannan ƙungiya ce ta fi cancantar a sa mata ido, a kuma sa mata hannu.

Ya Edita, rashin niyya ba ya cikin abin da ke kashe ƙananan ƙungiyoyi. Mutum biyar ko shida ne za su ga matsala a kusa da su, su ce ba za su zuba ido ba, su fara da aljihunsu da lokacinsu. Ana tafiya lafiya har ranar da gudummawa mai ɗan kauri ta shigo. Ƙungiya ba ta da rajista, saboda haka ba ta da asusun banki, sai kuɗin ya faɗa asusun mutum ɗaya. Mutumin nan mai amana ne, bai ci ko kaɗan ba, amma ba ya ajiye rasit, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake rubuta shiga da fita. Wata shida sai wani ya tambayi lissafi, ma'aji ya ji an zarge shi, zuciya ta ɓaci, taro ya fara raguwa. Wani lokacin kuma wanda ya kafa ƙungiyar ne aiki zai ɗauke shi zuwa wani gari, ya tafi da komai a kansa, ba takarda ko ɗaya da na baya za su ɗora a kai. Haka ake asarar mutanen kirki, kuma wanda ya fita da ciwon zargi da wuya ya sake shiga aikin sa-kai.

A nan ne ƙungiyar da nake magana a kanta take shigowa. Ita ce ke zaunar da mutanen ta taimaka musu su rubuta tsarin mulkin da bai fi ƙarfinsu ba: wa ke shugabanci, shekara nawa zai yi, yaushe ake babban taro, yaya ake cire wanda ya saɓa. Ita ke bi da su hanyar rajista, ta nace cewa kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, ta koya wa ma'aji riƙe littafin kuɗi. Idan ƙungiya ba ta kai ga buɗe asusu ba, wasu irin waɗannan gidauniyoyi kan riƙe mata kuɗinta amana, a rubuce, har ta tsaya da ƙafafunta. Masu aiki da yara ana koya musu ƙa'idojin kare yaro daga cutarwa, abin da kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isar masa. Ga aron ɗakin taro, ga taimakon cike fom ɗin neman tallafi, ga sulhu idan rikici ya tashi tsakanin shugabanni. Kuma da yake tana ganin yankin gaba ɗaya, ita ke gane cewa ƙungiyoyi uku suna ta yin abu ɗaya a wuri ɗaya alhali can gefe ba kowa. Idan za a je gaban ƙaramar hukuma, muryar ƙungiyoyi talatin da aka haɗa ta fi ta sakatare ɗaya da ke jira a bakin ƙofa.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba. A 1914 wani lauya kuma ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff ya kafa gidauniyar birnin Cleveland a Amurka, wadda ake ɗauka ita ce gidauniyar al'umma ta farko a duniya. Tunaninsa shi ne a tara gudummawar mutane da wasiyyoyinsu wuri guda, a juya uwar kuɗin, kwamitin mutanen gari ya riƙa raba ribar gwargwadon buƙatar zamani. Har yau tana aiki. A Ingila, a 1919, an kafa majalisar da ke haɗa ƙungiyoyin sa-kai, wadda yanzu ake kira NCVO, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ofisoshin ba jama'a shawara kyauta na Citizens Advice a 1939, daidai farkon Yaƙin Duniya na Biyu. A Kenya, gidauniyar KCDF da aka kafa a 1997 ta yi suna wajen ƙarfafa al'umma su fara tara nasu kuɗin kafin a ƙara musu, domin aikin da mutane suka zuba guminsu a ciki ba sa barinsa ya lalace.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu ba da tallafi ke kallon wannan aiki. Mai bayarwa yana so ya ce kuɗinsa kaf ya tafi hannun mabukata, ko sisi bai shiga kuɗin gudanarwa ba. Na fahimci dalilinsa, an sha cin amanar mutane. Sai dai albashin wanda ke koyar da ma'aji ashirin lissafi, da hayar ɗakin da ƙungiyoyi ke taro, da kuɗin mai binciken asusu, duk cikin kuɗin gudanarwa suke faɗawa. Idan aka hana su, abin da aka hana shi ne ainihin abin da ke tsare gudummawar daga salwanta.

Duniya ma ta ci karo da wannan. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan ƙasashe masu bayarwa da hukumomin agaji sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agajin jinƙai zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida ta hanya mafi kusa. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ga haka ba. Uzurin da aka fi ji shi ne ƙananan ƙungiyoyi ba za su iya cika sharuɗɗan lissafi da rahoto ba. To wa zai koya musu? Babbar hukumar da ke wani birni mai nisa ba za ta zauna da ma'ajin ƙungiyar mutum goma ba. Sai wanda ke kusa, wanda ya san su, wanda zai dawo bayan wata uku ya duba littafin.

Ba ina cewa a yarda da kowace gidauniya ido rufe ba. Na ga yadda wata kan fara a matsayin mai riƙe hannun ƙanana, sai ta koma tana gogayya da su wajen neman tallafi ɗaya, har ta yi amfani da sunayensu a takardunta ba tare da saninsu ba. Wata kuma kan zama mai tsaron ƙofa, wanda ya yi mata biyayya shi ke samu. Wannan cin amana ne, kuma ya fi na ƙaramar ƙungiya muni domin ɓarnarsa ta fi faɗi. Maganinsa a bayyane yake: ta riƙa fitar da lissafinta na shekara kowa ya gani, ƙungiyoyin da take yi wa hidima su sami kujeru a kwamitin amintattu, a kuma san ƙa'idar da ake bi wajen raba tallafi tun kafin a raba.

Roƙona gare ka, Ya Edita, shi ne ka tura wakilinka ya yini a irin wannan ofis a ranar da ba biki. Ya tambaye su ƙungiya nawa suka taimaka wa ta yi rajista, nawa ke raye bayan shekara biyar, wa ke biyan albashin ma'aikatansu, kuma wa ke binciken asusunsu. Ya kuma je wurin ƙananan ƙungiyoyin shi kaɗai, ya ji ta bakinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 5 ga Disamba tun 1985 don masu aikin sa-kai, kuma zan so in ga wannan rahoto a shafinka kafin ranar ta bana.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai karatu, sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai.