A Auna Shasi Kafin A Fesa Fenti

Edita,

Ina so in ja hankalin masu tsofaffin motocin a-kori-kura kan gyara bayan karo. Kwanakin baya wata tirela ta daki gaban Peugeot 504 ɗina a hanyar Zariya, lagireto ya fashe, bamba ta lanƙwashe. Mai gyaran jikin mota ya bubbuge ƙarfen, ya fesa fenti har ta fito kamar amarya, amma da na loda mata buhunan masara sai sitiyari ya riƙa fizga hagu, tayar gaba kuma ta cinye ta gefe ɗaya cikin mako uku. Ashe shasi ne, wato ƙashin ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai, ya karkace, kuma babu wanda ya auna shi. Sai da aka ja shi da sarƙa ya miƙe, sannan na sake sayo taya.

Naku,
Wani direba daga Kano