Kada ciwon jiki ya raba mai ciwon zuciya da maganin kitsen jini

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin jama'a kan wani abu da ke damuna a nan Jos. Mutum ya taɓa samun bugun zuciya, likita ya ɗora shi a kan maganin rage kitsen jini, atorvastatin mai miligiram 80, bayan 'yan makonni cinyoyinsa su fara ciwo har tashi daga sujada ya zame masa aiki, sai ya jefa maganin cikin durowa bai gaya wa kowa ba. Wannan ganganci ne, domin kwalastarol, wato kitsen jini, na ci gaba da toshe jijiyoyin zuciya a ɓoye.

Akwai mafita a hannun likita. Yana iya rage ƙarfin maganin ko ya sauya zuwa wani irinsa, rosuvastatin, sannan ya haɗa da ezetimibe, wanda ke hana hanji tsotsar kwalastarol. Binciken da aka yi a Koriya ta Kudu, aka wallafa a 2022, ya nuna rosuvastatin miligiram 10 haɗe da ezetimibe bai gaza rosuvastatin miligiram 20 wajen kare zuciya ba, kuma waɗanda suka daina sha saboda illa sun fi ƙaranci. Allurar evolocumab ma tana aiki sosai, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Ina kira ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da ta tabbatar ana samun ezetimibe da sauƙi a asibitocin Filato.

Naka mai karatu,
daga Jos