Wasiƙar Barka da Sallah daga Mayo, Ƙasar Ailan

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya tare da su Yaya da ƙannena da duk mutanen gida. Ni ma lafiyata lau. Mun yi sallar idi a masallacin garin Ballyhaunis, wanda aka gina a 1987, daga can na wuce wurin aiki, domin a nan ba a ba da hutun Sallah, tsofaffin da muke kula da su kuwa ba a barinsu ko na yini ɗaya.

Inna, kin sha tambayata yadda mutum zai iya kai mahaifiyarsa gidan kula da tsofaffi ya juya ya tafi, kuma ban taɓa ba ki amsar da ta gamsar da ke ba. Abin da na fahimta game da wannan al'amari na same shi ne daga bakin wata tsohuwa da nake yi wa wanka ina taje mata kai kowace safiya. Ta haura shekara casa'in, takan manta abin da ta ci da rana, amma ƙauyen da ta tashi yana nan daram a zuciyarta.

Ta ce gidansu jinka ce, ba famfo ba lantarki, ruwa sai an ɗebo a rijiya, abinci kuwa dankalin Turawa ne da madara da kabeji. Itacen girki ya yi ƙaranci a yankinsu, saboda haka baƙar ƙasar fadama suke yankowa kamar tubali, su shanya ta, ta bushe, su yi jigilarta a kan jaki, da ita za a yi girki a kuma ji ɗumi har hunturu ya wuce. A daidai irin wannan lokaci na shekara, da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, yara kan yini a fadama suna jingina yankakkun da juna don iska ta ratsa su. Idan tana ba ni wannan labari sai in ga yatsunta suna motsi a kan bargo, tana jera abin da ba ya nan. Yankan ciyawar dabbobi da sussuka kuwa da gayya ake yi, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, matan gida su dafa shayi su kai musu gona.

An fara kai lantarki karkarar ƙasar nan a 1946, amma bai iso ƙauyensu ba sai cikin shekarun 1950. Wasu maƙwabta sun ƙi karɓa, suna tsoron gobara a jinka da kuma kuɗin wata. Daren da aka kunna ƙwan farko a gidansu, mahaifiyarta ta ɗaga kai ta ga baƙin hayaƙi da yanar gizo-gizo da fitilar kananzir ta daɗe tana rufa wa asiri, washegari tun da asuba ta kama shafen farar ƙasa.

Talaucin nan ba ya sa ta kuka, da dariya ma take ba da labarinsa. Abin da ke sa ta kuka shi ne tafiyar 'yan'uwanta. Gonar ƙarama ce, ɗa ɗaya ne ke gadonta, sauran kuwa sai ci-rani. Ilimin sakandare kyauta bai zo ba sai 1967, don haka yawancinsu suna barin makaranta da shekara goma sha huɗu. A shekarun 1950 kaɗai mutum kusan dubu ɗari huɗu suka bar ƙasar, har ƙidayar 1961 ta nuna saura miliyan 2.8. Tun babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta hallaka kimanin mutum miliyan ɗaya, Mayo ba ta daina zubar da 'ya'yanta zuwa Ingila da Amurka ba. Ta tuna yadda mahaifiyarsu ta ɗinke 'yan kuɗi a cikin rigar yayanta, ta ɗaure masa akwatin kwali da igiya, ta raka shi bakin hanya. Daga ranar, kullum da hantsi tana tsaye a ƙofa tana jiran mai kawo wasiƙa.

Ɗaya daga cikin yayyenta ya yi aikin gini a Ingila, ya yi ta aiko da kuɗi har aka canja jinka da rufin zamani, sannan aiki ya karye masa, kunya ta hana shi rubutu. Mahaifiyar ta rasu ba ta san inda yake ba. Tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce uwarsu ba kuɗin take jira ba, rubutun hannunsa take son gani. 'Ya'yanta ita ma duk sun bi sahu, wasu suna Amurka wasu Ostireliya, suna kiranta a waya, suna zuwa idan sun sami hali. Ban ce wannan tsari ya kwanta mini ba, Inna, har gobe na fi son tsoho ya tsufa a tsakiyar jikokinsa, amma yanzu ba na yi musu kallon marasa tausayi, domin ni ma nesa nake da ku.

Da ta ji yau ranar idinmu ce, ta tambaye ni ko na rubuta wa mahaifiyata. Na ce mun yi magana a waya. Ta ce waya ba a ajiye ta a ƙarƙashin matashi, ta sa na yi mata alkawari, shi ya sa kuka ga wannan takarda. Na kuma ɗaukar muku alkawarin cewa ko da samu ko babu, ba za ku rasa jin labarina na gaskiya ba.

Baba, na aika da ɗan abin da ya sawwaƙa ta hannun Yaya domin hidimar Sallah, a ba ƙannena goron Sallah daga ciki. A gaishe mini da Kaka, a ce ina neman addu'arta. Ku sa wannan baiwar Allah ma cikin addu'a, Allah Ya ba ta sauƙi, domin ƙafafunta sun kumbura a 'yan kwanakin nan.

Wassalam,
'Yarku mai kewarku