Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Damagaram Kan Namun Dajin Termit Da Kutus

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya taya ka riƙo, na rubuto ne a kan wani yanki na jihar nan da ba a cika kawo maganarsa a wuraren taro ba, wato dajin Termit da Tin Tumma, da duwatsun Kutus na ƙasar Gure, da halittun da suka rage a cikinsu.

Sa'ad da gwamnati ta mai da Termit da Tin Tumma gandun daji na ƙasa a watan Maris na 2012, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 97, ya haɗa sassan Damagaram da Diffa da Agadas. Abin da ya fi jan hankalin masana a wurin shi ne farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da suke kira adaks, wadda takan yi watanni ba ta sha ruwa ba, domin laimar ciyawar da take ci tana wadatar da ita. A shekarun baya ana ƙiyasin akwai kusan 200 a yankin. A watan Maris na 2016 aka yi bincike, jirgin sama ya yi ta shawagi bai ga ko ɗaya ba, waɗanda suka bi ta ƙasa kuwa guda uku kacal suka gani. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta danganta wannan da hayaniyar aikin neman man fetur da farautar da ta biyo bayansa. A 2019 aka sake shata iyakar gandun, aka fitar da ɓangaren da rijiyoyin mai suke, sannan aka ƙara gyara ta a 2021.

Ranka ya daɗe, ba na cikin masu cewa a bar mai a ƙarƙashin ƙasa, don na san iyalai da yawa da ke cin abinci daga matatar SORAZ tun 2011. Damuwata ita ce duk alƙaluman da na ambata baƙi ne suka ɗauki nauyin tattara su, tare da ƴan tsirarun jami'anmu na gandun daji. Ranar da kuɗin baƙo ya yanke, ƙidaya ta tsaya ke nan, dabba ta ƙare ba wanda ya sani sai bayan shekaru. Mena, wata irin barewa wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ke ɗauke da sunanta, Termit na cikin ƴan wuraren da ta rage a duniya, amma yawancin yaran da ke yi wa Mena tafi ba su san dabba ce da ke kiwo a jiharsu ba.

Maganar tsuntsaye ta fi kusa da mu. Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza, kuma da jewarta makiyayi kan gane inda dabbarsa ta faɗi. Ina yaro, ba a yanka a mahauta ba tare da ungulaye sun jeru a kan katanga ba. Yau sai mutum ya shekara bai ga ɗaya ba. Masu bincike sun samu sheƙunansu a duwatsun Kutus, sun kuma gano cewa ana kashe su domin sayar da kai da sauran sassan jiki ga masu magani, yawanci a ƙetaren iyaka. A 2014 an harbe wata ƙaramar ungulu a ƙasarmu wadda aka maƙala wa na'urar bin sawu tun daga Girka, na'urar kuma ta ƙare a Najeriya. Tsuntsun da ke kwashe mushe kafin cuta ta yaɗu cikin garke, asararsa a kan makiyayi take faɗawa. Jimina mai jan wuya kuwa ta riga ta ɓace daga dajinmu, sai waɗanda ake kiwo a killace a Kelle, ta ƙasar Gure, da fatan a mayar da su daji.

A Chadi an mayar da farin gwankin hamada dajin Wadi Rime da Wadi Ashim tun 2016, bayan ya ƙare a daji, ya kuma hayayyafa, saboda ana bin sawunsa ba fashi kuma makiyayan wurin na cikin aikin.

Abin da nake roƙo shi ne ka sa jihar nan ta riƙe wannan aiki a matsayin nata. Jami'ar Andre Salifu tana nan cikin gari da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. A ware musu kuɗin mota da guzuri su riƙa fita tare da jami'an gandun daji sau biyu a shekara, da rani da bayan damina, a kuma bayyana sakamakon a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Tubanci. Tubawan Tasker sun san sawun kowace dabba fiye da mai digiri, ya kamata a ɗauke su aiki da albashi mai tabbas. A haɗa da itatuwa, domin jiga da aduwa da dashi su ne inuwa da abincin namun daji, kuma su gatari ke fara ci idan fari ya zo. Tsofaffi na ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani, manoman Magarya da Matamaye da Mirya kuma sun maido da shi gonakinsu da hannunsu.

Ina kuma roƙon idan rangadi ya kai ka Gure, ka ratse zuwa Kelle ka ga jiminun da idonka, ka ji daga bakin masu kula da su abin da suke bukata.

Wassalam,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram